Kwamitin shirin shekara biyar ya koma mutum bakwai: amsa ga wani sakatare

Tambayar ta zo ne daga sakataren wani kwamiti a gabashin jihar Sakkwato. Ya ce shekara biyu da suka wuce sun haɗa manoman albasa, dillalai, masu manyan motoci, ma'aikatan sashen gona na ƙaramar hukuma, wakilin wani banki da malaman jami'a biyu, suka tsara shirin shekara biyar: a gina ɗakunan ajiya, a samo iri mai kyau, a koma awo da kilo maimakon buhu, a buɗe hanyar kai kaya Kudu kai tsaye. Ranar ƙaddamarwa sai da aka ƙaro kujeru. Yanzu in ya kira taro, sai ya ƙarar da katin wayarsa kafin mutum bakwai su hallara. Yana tambaya: "Me zan yi in riƙe mutanen nan har a kai ƙarshen shirin?"

Malam Sakatare, Allah ya saka maka da alheri, ya kuma ƙara haƙuri. Na yi aikin malamin gona shekaru masu yawa a fadamun Rima, daga baya na koma haɗa ƙungiyoyin manoma da masu kawo tallafi, don haka kujerar da kake kai na san zafinta. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Mutanen nan da suka daina zuwa ba mantuwa suka yi ba. Lissafi suka yi. Kowannensu ya auna abin da yinin taro ke ci masa da abin da yake komawa gida da shi, ya ga babu riba, ya kuma ji nauyin gaya maka. Mu nan ba mu cika cewa "na fita" ba. Sai dai ka ji "in sha Allah ina tafe", ko a aiko maka yaro ya sa hannu a rajista.

A duk kwamitin nan kai kaɗai ne ke rayuwa cikin shekara biyar. Manomi shekararsa daga renon iri ce a ƙarshen damina, zuwa dashe da shigowar sanyi, zuwa cira a wajen Maris da Afrilu. Abin da ya wuce nan sai Allah ya kai mu. Dillali daga kasuwa zuwa kasuwa yake lissafi. Ma'aikacin gwamnati yana kallon kasafin kuɗin bana, yana kuma sauraron takardar canjin wurin aiki da za ta iya zuwa kowane lokaci. Malamin jami'a yana son bayanan da ɗalibinsa zai rubuta kundi da su kafin zango ya ƙare. Na banki kuma wata uku-uku ake tambayarsa asusu nawa ya buɗe. Kun zauna kun rubuta abin da za a samu a shekara ta biyar, amma ba wanda ya rubuta abin da kowane ɗayansu zai ɗauka kafin tasa shekarar ta ƙare. Shirin ya zama giginya, na nesa ka sha inuwarta.

Bari in ba ka labarin kuskurena, don da shi na koyi abin da nake faɗa. Wata shekara wani shiri mai kuɗin waje ya ɗora mini haɗa taron tsara aiki. Muka kama zaure a wani otel cikin gari, da sanyin na'ura, da majigi, da ruwan roba a gaban kowa. An kawo masani daga Abuja, ya yi ta juya hotuna yana Turanci, ni ina fassara abin da na iya kamawa. A layin gaba akwai wani Sarkin Noma, dattijo da ya haura saba'in, ya naɗe ƙafa ɗaya a kan kujera saboda sanyi, carbi na hannunsa. Yini guda bai ce uffan ba. Da aka ce a ɗaga hannu a amince da shirin, ya ɗaga. Aka bi layi, kowa ya karɓi ambulan ɗin kuɗin mota da na zama. Na rubuta rahoto na ce an samu cikakkiyar amincewar masu ruwa da tsaki, har aka yaba mini.

Bayan mako biyu na same shi a bakin gonarsa yana duba tiyon injin ban ruwa da ya tsage, yana naɗe shi da robar taya. Na ce, "Baba, yaya ka ga taronmu?" Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Taro ya yi kyau, ɗana. Munka zamna, anka yi Turanci, munka ci shinkahwa, munka tashi. Amma wanga aiki naku na. In kun gama ku hwaɗa muna." Na tsaya kamar an watsa mini ruwa. Na ce ai shi ma ya ɗaga hannu. Ya ce, "To mi za ni cewa? Kun zo da abu rubuce."

Kun zo da abu rubuce. Ka tambayi kanka, Malam Sakatare, tsakani da Allah: shirin nan naku, a zauren aka haife shi, ko kuwa kai da malaman jami'a kuka rubuta shi da dare, aka kira sauran su sa albarka? In na biyun ne, babu abin mamaki a watsewar. Mutum yana tsayawa kan abin da ya yi gardama a kansa har aka sauya wani layi saboda maganarsa. Wanda aka karanta masa ya ce "madalla", ya riga ya sallame ka tun a wurin.

Kuɗin zaman nan kuma su suka ƙarasa ni. Da shirin ya ƙare, ambulan ya yanke, na kira taro a makarantar firamare, mutum huɗu suka zo, biyu daga cikinsu don su tambaya ko za a biya na baya. Ban ga laifinsu ba, ni na koya masu cewa zuwa taro sana'a ce. Ban ce kada a mayar wa mutum kuɗin mai ba. Wanda ya taso daga Gada ko Rabah da babur ya ƙona mai na gaske, musamman tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023. A mayar masa daidai abin da ya kashe, a fili, kowa ya sani. Amma ranar da kuɗin suka fi abin da ya kashe, za ka ga wakilai sun sauya: mai gona ya zauna gida, ƙanen kansila ya zo a madadinsa.

Ƙasar nan ta taɓa ganin ƙarshen tsara wa manomi rayuwa ba da shi ba. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda a lokacin tana cikin jihar Sakkwato, an kammala ta a 1978. A takarda shiri ne na alheri, noman rani na dubban kadada. Amma an karɓe gonaki, an hana mutane shuka shekara da shekaru ana gyaran fili, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sanda, aka rasa rayuka. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Shekaru talatin da 'yan kai bayan haka, da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014 don gyara Bakolori da tsakiyar kwarin Rima da wasu wuraren, ginshiƙinsa shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, wato manoma su riƙe ƙananan magudanai, su tara kuɗin ruwa, su yi gyara da kansu. Abin da aka tsallake tun farko, shi aka dawo ana nema da kuɗi masu yawa. Naku kwamitin ƙarami ne, ba mai tare hanya. Kujera kawai za su bar maka.

Yanzu ga inda nake zargin ciwon naku yake, kuma a nan zan daɗe. Ka lissafa manoma da dillalai a jere kamar abu ɗaya suke so. Duba shirin da idon dillali. Ribarsa tana cikin tazarar da ke tsakanin farashin lokacin cira, sa'ad da albasa ta cika kasuwa manomi kuma bashi ya shaƙe shi, da farashin ƙarshen shekara, sa'ad da ta yi ƙaranci buhu ya ninka. Ɗakin ajiya a hannun manomi yana nufin wannan tazarar ta koma aljihun manomi. Awo da kilo yana nufin a daina cika buhu har ya yi toliya a ɗinke da wani ƙyalle a sama, a biya kuɗin buhu ɗaya. Kai kaya Kudu kai tsaye yana nufin a tsallake la'adarsa. Abu uku cikin huɗu na shirinku hannu suke sa wa cikin tuwonsa, sannan kana mamakin ya daina zuwa? Ni da ya ci gaba da zuwa yana murmushi ma da na fi tsorata.

Kada kuma ka ɗauke shi mugu. Dillalin nan shi ke ba manomi kuɗin taki da man inji a watan Nuwamba ba tare da takarda ko jingina ba, lokacin da banki ke neman shaidar da manomi bai taɓa gani ba. Shi ke da lambar mai saye a Legas da Onica, shi ya san wanda ke biya da wanda ke cinye kaya. In mota ta lalace a hanya albasa ta dafe, shi ke kwana da asarar. Manomin da ke cikin kwamitinka, wataƙila bashin wannan dillalin na wuyansa, shi ya sa in suna zaure ɗaya ba zai buɗe baki ya ce awon buhu zalunci ne ba. Ka ga taron da kake ganin an yi lafiya an tashi lafiya, rabin mutanen ba su iya magana ba, sauran rabin kuma ba su so a yi ta.

In ana dara fidda uwa ake. Wannan magana ba ta fitowa a babban taro, sai ka bi su ɗaya-ɗaya. Ka je rumfar shugaban dillalai, ka zauna kan buhu, ka sha shayinsa, ka ce, "Alhaji, shirin nan in ya tabbata me zai rage maka, me kuma zai ƙara maka?" Ka yi shiru ka saurara, kada ka kare shirin. Sau da yawa za ka tarar akwai abin da yake so wanda ba ya cutar da manomi: albasar da aka bari ta sha iska wuyanta ya bushe kafin a zuba buhu, wadda aka ware manya da ƙanana, wadda ba za ta ruɓe masa kafin ta isa ba. Shi kansa yana ajiya, ruɓewa tana cinsa. Daga nan ake ƙulla ciniki: manoma su kawo kaya tsararre, shi ya ƙara wani abu a kan buhu, a ba shi kaso a ɗakin ajiya ya biya haya. Maganar kilo kuwa, in ita ce ƙashin da ya tsaya a wuya, a ɗage ta zuwa shekara ta uku. Ban ce a bar ta ba. Amma shirin da ya nemi cin kowane yaƙi a shekarar farko, shi kaɗai zai rage a fili.

Sai maganar abin da ido zai gani. Shekara biyu kuna taro. Me aka taɓa da hannu? In amsar ita ce ana jiran kuɗin gina ɗakunan ajiya, to jiran nan ne ke kashe ku. Ku yanko abu ɗaya da za a fara a gama cikin kaka ɗaya da abin da ke hannunku. Misali, manoma goma su yarda a gyara rudunsu, wato rumbun da suke ajiye albasa a ciki: a ɗaga shi daga ƙasa sosai, a bar wa iska hanya ta ƙasa da gefe, a gyara rufin kada ruwan farkon damina ya shiga, a tsince mai rauni da mai kaurin wuya kafin a zuba. Ɗaliban malaman nan su auna abin da aka zuba, su dawo duk wata su auna abin da ya rage, a gefe guda kuma a auna na maƙwabcin da bai gyara ba. Ranar da za a buɗe, a kira kowa bakin rudun, har na banki. Gani ya kori ji. Manomi ya samu ƙarin buhuna, ɗalibi ya samu kundinsa, ma'aikacin gona ya samu abin rubutawa a rahotonsa da hoto, na banki ya ga lissafin da zai iya kai wa manajansa. Kowa ya ɗauki nasa cikin shekararsa. Kuma in kun je neman kuɗin babban gini, kuna da abin nunawa da ya wuce takarda.

Kan tarukan kansu ba zan tsawaita ba. Ku rage su. Babban taro sau biyu a shekara ya isa, ɗaya kafin a fara reno, ɗaya bayan an gama cira. Sauran aiki na mutum uku ne ko huɗu da abin ya shafa. Ba dalilin da zai sa mai tirela ya zauna awa uku ana muhawarar iri. Kada ka sa taro ranar Laraba ka ce dillali ya bar kasuwar Achida, ko Lahadi ya bar ta Illela. Kada ka sa shi da rana tsaka a watan Afrilu, ko da yammacin azumi. Ku riƙa zagayawa da shi garuruwan juna, mai masauki ya jagoranta. A rubuta bayanan taro da Hausa, gajere, shafi ɗaya: wa ya ɗauki me, zuwa yaushe. Ka karanta shi da murya ka tura a WhatsApp, don da yawa sun fi sauraro da karatu. A taro na gaba da shi za a buɗe, a kira suna, mutum ya faɗi inda ya kai. Alkawari kaya ne, kuma ba mai son a kira sunansa gaban tsaransa sau biyu ba shi da ta cewa. Amma ka fara da naka alkawuran, har waɗanda ka kasa.

Na lura ba ka ambaci mata ba ko sau ɗaya. Su ke soya albasa da busar da ita, su ke sayen wadda ta fara lalacewa da araha su sarrafa, kuma adashensu ya fi asusun ƙungiyoyin maza da yawa da na sani tsari. Ba za su zo zauren da dillalai suka cika ba. A samu mace ta zauna da su a gidan ɗayarsu, ta kawo maganarsu.

Wani ramin da ke cinye irin wannan shiri shi ne ɗora shi kan mutum maimakon ofishinsa. Shugaban sashen gona yana sonku, yana zuwa, sai a wayi gari an mayar da shi wata ƙaramar hukumar cikin 23 ɗin da muke da su, wanda ya gaje shi bai taɓa jin sunanku ba. Haka na banki. Maganinsa mai sauƙi ne amma ba a cika yi ba: kowace hukuma ta ba ku mutum biyu, babba da ƙarami, don ƙaramin ya fi daɗewa, a sa takardarku cikin fayil ɗin ofis da hatimi, in sabo ya zo, cikin makonsa na farko ku je gaisuwa da shafi ɗaya a hannu, kada ku jira ya neme ku. In kuna son gwamnati ta sa kuɗi, ku san cewa ana haɗa kasafin baɗi ne tun kafin ƙarshen bana. Wanda ya kai buƙatarsa a Fabrairu ya makara da shekara guda. Ku kuma tuna shirin shekara biyar dole ya tsallaka zaɓe. An sauya gwamna a jihar nan a 2007, da 2015, da 2023, kuma kowane sauyi yakan zo da sababbin fuskoki har ƙasa. Kwamitin da aka san shi da hular wata jam'iyya, ranar da ta faɗi shi ma ya faɗi. Ku gayyaci ɗan siyasa ya buɗe taro in kuna so, kada ku ba shi makullin.

Abin da ba ya sauyawa da zaɓe shi ne sarauta, kuma a nan muna da darasi a gida. Ka tuna yadda rigakafin shan inna ya tsaya a Kano a 2003 saboda zargi, sai a 2004 aka koma, cutar kuma ta bazu har wasu ƙasashe. Abu biyu suka juya lamarin. Na farko, masu shirin sun saurari ƙorafin iyaye da ke cewa zazzaɓi da ƙyanda ke kashe mana 'ya'ya, ku kuma kullum ɗigon shan inna. Daga 2006 aka riƙa haɗa ɗigon da wasu alluran da ƙananan kayan amfani, wato aka sa buƙatar mutane cikin shirin. Na biyu, a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Abin lura shi ne ba a ajiye sarakunan don ado a kan dandamali ba. Aiki aka ba su, ya sauka daga uban ƙasa zuwa hakimi zuwa mai unguwa: wane gida ne ya ƙi, wa zai je ya yi magana da mai gidan. A kwanakin rigakafi kuma kowace yamma ana zama a duba abin da aka yi yau, a gyara na gobe. Burin na shekaru ne, amma lissafin na kullum ne. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, shekara goma sha ɗaya bayan kafa kwamitin. Tafiyar ta yi tsawo, amma ba ta watse ba.

Don haka ku kai shirinku gaban uban ƙasa, amma da buƙata takamaimai: filin da za a yi ajiya, shaida kan yarjejeniyar manoma da dillalai, sulhu in an saɓa. Kada ku naɗa shi shugaban kwamiti. In yana zaune ba mai musa wa wani, kuma kwamitin da ba a musu a cikinsa ya zama majalisar gaisuwa.

Game da masu kawo tallafi, in Allah ya kawo su ku karɓa, amma ku san baƙi ne. Jihar nan ta ga manyan shirye-shiryen hukumar USAID ta Amurka: TSHIP a fannin lafiya daga 2009 zuwa 2015, sannan NEI Plus da ya kawo darussan Mu Karanta a firamare. Sun yi aiki, wa'adinsu ya cika, sun tafi. A farkon 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje kwatsam, hukumar kanta aka rufe ta, ayyuka da yawa suka tsaya a tsakiya. Abin da ke rayuwa bayan baƙo shi ne abin da 'yan gida suka sa wa nasu. Ku sa wa kanku karo-karo, ko buhu ɗaya ne daga kowane manomi a lokacin cira, dillalai su ba da nasu, masu mota su ɗauki kayan gwaji kyauta sau ɗaya. Wanda buhunsa ke ciki zai zo ya ji yadda aka yi da shi ko ba ka kira shi ba. Amma fa daga ranar da kuka karɓi buhun farko, lissafi ya zama farilla: masu sa hannu uku daga ɓangarori daban-daban, a karanta shiga da fita a kowane zama har kuɗin ruwan sha. Ƙungiyoyin da na ga sun mutu, zargin kuɗi ya kashe mafi yawansu, kuma sau da yawa ba a ci ko kwabo ba, bayani ne kawai ba a yi ba.

Ka kuma ɗauko takardar shirin ka sake karantawa. Ko tana magana da duniyar da muke ciki? A 'yan shekarun nan an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Illela ta yi tsit wata da watanni. Kuɗin mai da na taki sun tashi. Rashin tsaro ya hana mutane gonakinsu a Sabon Birni da Isa da sassan Goronyo, har kasuwar Goronyo aka kai wa hari a Oktoban 2021. Ruwan kansa ba shi da tabbas: a 2010 ambaliyar Rima ta cinye gonaki ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a 2018 kuma madatsar Goronyo ta kusa ƙafewa. Shirin shekara biyar da ba a taɓa shi ba tun ranar ƙaddamarwa, mutane sun san ya tsufa ko ba su faɗa ba. Ku mayar da zaman bayan cira ya zama na yi masa kwaskwarima: me za a cire, me za a ɗage, me ya shigo sabo. Kuma in an cire abu saboda maganar wani, ka faɗi sunansa a bainar jama'a. Wannan yana riƙe mutum fiye da ambulan.

Wasu kam ba za su dawo ba, kada ka wahalar da kanka. Akwai wanda ya zo ranar farko don ya ji an ce akwai tallafi, akwai wanda aka turo. Ka bar masu ƙofa a buɗe, ka riƙa tura masu labari, shi ke nan. Mutum bakwai da ke zuwa ba a ba su komai, bayan shekara biyu ba su ga komai ba, ba ƙaramin jari ba ne. Na fara ayyukan da suka daɗe da ƙasa da haka. Abin dubawa shi ne su wane ne bakwai ɗin. In duk manoma ne, ƙungiyar manoma gare ka, haɗin gwiwar ya riga ya mutu, sai an sake ƙulla shi. In akwai ko dillali ɗaya da ma'aikaci ɗaya a ciki, to da sauran numfashi.

Shawarata ta yanzu-yanzu: kada ka kira taro a watan nan. Ka zuba mai a babur, ka ɗauki ɗan littafi, ka bi mutum goma daga cikin waɗanda suka daina zuwa, kowa a wurin sana'arsa. Zumunta a ƙafa take. Kada ka tambaye su me ya sa ba sa zuwa, za su ba ka uzurin rashin lafiya da biki. Ka tambaye su abin da suke so su gani kafin albasar bana ta ƙare a rudu. Ka fara da shugaban dillalai, ranar Laraba bayan la'asar, sa'ad da lodi ya lafa ya samu zama. In ka dawo, ka rubuto mini abin da ya ce, mu duba wane layi na shirin za a fara taɓawa.